Kafin Tsattsewa Su Iso

Talata, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Nazir ne ya sayo mini wannan littafin, wai likitan da ke duba hawan jinina ya ce rubutu yana sauke zuciya. Ni dai ban taɓa ganin inda biro ya yi maganin jini ba, amma tunda an riga an saya bari in ɓata takardun.

Mako na biyu ke nan Yayar Nazir tana asibiti a Lyon. Yanzun nan Nazir ya leƙo ta kafaɗata, ya ce, "Maman, ko a takarda ma ba za ki rubuta sunanta ba?" Na ce ko a takarda. 'Yar fari ce, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, kuma ni ba a Saint-Denis aka binne cibiyata ba, a Damagaram ne. Ya girgiza kai ya tafi neman abin da zai zuba wa cikinsa, wanda shi ne babban aikinsa a gidan nan.

Moctar, mijinta, ya kira da rana. Ya ce tana taɓa abinci kaɗan, magana kuwa sai da kai. Ta ce shi da Nazir kaɗai za su shiga wurinta. Na ce babanta fa? Ya ce Alhaji ma in ya zo za ta gan shi. Ni bai ambace ni ba, ni ma ban tambayi sauran ba.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na fita balko, 'yar barandarmu ta bene, shanya, na tsaya ina kallon ramukan da ke ƙarƙashin rufin ginin da ke fuskantarmu. A nan tsattsewa suke sheƙa duk shekara. Sama wayam take, sai tantabaru, su kuwa ba su da ko'ina sai nan.

Tana 'yar ƙarama Alhaji ya faɗa wa Yayar Nazir baƙaƙen tsuntsayen nan daga ƙasashenmu suke tahowa, kuma ta saman Damagaram suke ratsowa. Shi ke nan muka shiga uku. Duk bazara sai ta maƙale a ƙarfen balko tana yi musu ihu, "Kun ga Kaka? Mi ta ce?" Ni kuma ina riƙe da bayan rigarta kada ta faɗa, fuskata a ɗaure, ina ce mata ta rufa mana asiri maƙwabta na ji.

Tun da ta koma Lyon tana koyar da kimiyya a lakwal, wato makarantar boko, ita ce ke fara ganinsu, domin can ya fi mu kudu. Sai in ga saƙo a waya: "Maman, sun iso nan. Ku sa ido." Ni kuma in mayar mata: "To." Daga ranar kuma ba ni da wurin tsince shinkafa sai balko har sai na gan su.

Saura mako biyu ko uku lokacinsu ya yi. Ban san ko bana akwai saƙo ba.

Asabar, 11 ga Afrilu, bayan asuba

Na ƙara tura jakar nan ta kayan wankan jego can ƙuryar ƙarƙashin gado. Duk da haka ɗakin bai daina ƙamshin darbejiya ba.

Lahadi, 12 ga Afrilu, da yamma

Fatou ƙanwata ta zo daga Bobigny da robar dambu da bakinta. Dambun ya yi daɗi.

Muna kicin ta ce, "Yaya Husainatu, in faɗa miki wata magana ba za ki kore ni ba?" Na ce ta dai faɗa mu gani. Ta ce ranar da na aike ta Lyon, kafin azumi, lokacin da ta rasa cikin, da ta tura ƙofar ɗakin, yarinyar ba ita ta kalla ba. Bayanta ta kalla. Ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce, "Tanti, ina Maman?" Fatou ta ce mata, "Kin san Yaya da kunya." Sai ta juya fuskarta bango.

Na ce to me ya kamata in yi? In kwashi jiki in je in zauna a bakin gadon 'yar fari, gaban suruki da danginsa, ina sharɓar kuka kamar wadda ba ta da mafaɗi? Ba ke na tura ba, wadda ta goya ta? Ba na kira a waya na ce sai haƙuri, Allah ya ba da mai albarka ba?

"Kin ce haka," in ji Fatou, "kika miƙa wa Alhaji wayar."

Na miƙa masa, gaskiya ne. Da ban miƙa ba da ta ji abin da muryata ta koma.

Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan babban yayanmu ba. In ya shigo gida sai ta kau da kai ta ce wa bango, "An dawo?" Amma duk gidan mun san wa ake binne wa tsoka a ƙarƙashin tuwo, inda ido ba ya gani. Shi ma ya sani, bai taɓa kwanciya asibiti a kan haka ba. Na faɗa wa Fatou wannan. Ta ce, "Shi a Damagaram ya tashi, duk abokansa haka ake musu. Ita kuwa ƙawayenta uwayensu na tsotsar kumatunsu a ƙofar lakwal." Na ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ta ce, "To ita ina ne gidansu?"

Ban kore ta ba, amma ban raka ta tashar jirgin metiro ba.

Litinin, 13 ga Afrilu, da azahar

Alhaji ya je Lyon ya dawo. Na tambaye shi ya hanya. Ya ba ni labarin hanya tiryan-tiryan, har da kuɗin kofi a jirgi. Da na gaji na ce, ya mutanen can? Ya ce, "Ta rame, Hajiya." Ya shiga wanka, ya daɗe bai fito ba.

Laraba, 15 ga Afrilu, da hantsi

Yau na ga abin mamaki. Ina ba furannin balko ruwa sai ga wani ɗan mitsitsin abu, bai kai babban yatsana ba, ya tsaya cak a iska gaban fure. Fukafukansa ba sa ganuwa don sauri, ga dogon baki siriri yana zurawa yana tsotsa. Ya gama da wannan ya yi tsalle ga wancan. Nan take na tuna ɗan tsuntsun nan mai sheƙi da ke shan furen zogale a bayan ɗakin Inna. Na ce ikon Allah, har kai ma ka yi biza?

Na kira Nazir ya ɗauke shi a waya. Ya ce, "Maman, *colibri* ne, irin na telebijin." Madame Odile maƙwabciyarmu, tsohuwar da ke zuba wa tsuntsaye hatsi tana faɗa da tantabaru, ta leƙo daga nata balkon ta sa tabarau, amma kafin ta gama gyara shi baƙon ya yi gaba.

Na daɗe riƙe da wayar. Tun kafin azumi ban tura wa Yayar Nazir komai ba sai addu'o'in da ake yawo da su. Na tura hoton, na rubuta a ƙasa: "Tsuntsu ya zo mana. Nazir ya ce colibri." Na kife wayar a kan firij na kama goge abin da na riga na goge.

Alhamis, 16 ga Afrilu, bayan asuba

Ta amsa.

"Maman, ba tsuntsu ba ne. Ƙwaro ne, dangin malam-buɗe-littafi. Babu colibri a Faransa. Ki ce wa Nazir ya koma lakwal."

Na karanta wa Alhaji sau biyu, ya ce in ƙara. Moctar ya ce ko shi bai samu magana mai tsawon wannan ba tun da aka kwantar da ita. Yarinyar nan tun tana ƙarama za ta iya kwana da yunwa, amma ba ta iya kwana da kuskure a gabanta ba ta gyara ba. Halin dangin ubanta ne.

Na yi raka'a biyu. Ƙwaro ne ko tsuntsu, Allah ya yi masa albarka.

Asabar, 18 ga Afrilu, da la'asar

Na samu sana'a. Jiya na je bakin kanal, ruwan da ya ratsa unguwarmu, na sami zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, na ɗauke shi na tura mata na ce ga shamuwa ta zo, damina ta kusa. Ko yaron goye a garinmu ya san zalɓe da shamuwa, amma na rufe ido na tura. Kafin in kai gida amsa ta zo, layi uku, har da yadda kowannensu ke riƙe wuyansa in yana tashi.

Yau kuma korayen tsuntsayen nan masu dogon bindi da suka cika lambun unguwa da surutu, na ce aku ne. Ta ce ba aku ba ne.

Alhaji ya ce, "Hajiya, ƙarya fa kike yi da girmanki." Na ce ƙaryar da ke sa marar lafiya ya ɗaga kai, in akwai zunubi a ciki na ɗauka. Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariya a gidan nan tun kafin Sallah.

Litinin, 20 ga Afrilu, da hantsi

Madame Odile ta ba ni aron littafinta na tsuntsaye mai hotuna, wai in koyi sunayen daidai. Baiwar Allah ba ta san abin da nake nema a ciki ba. Sai na san daidai ɗin sannan zan iya kauce masa da kyau.

Ta ce bana sanyi ya daɗe, iskar arewa tana tare tsattsewa a hanya, ko a kudu ba a gan su da yawa ba. Ta ce irin tsuntsayen nan ba sa sauka ƙasa, a sama suke ci, a sama suke barci, sai in za su yi ƙwai. Kuma kowanne ramin da ya bari bara shi yake dawowa nema. Na ce in an toshe ramin fa? Ta ce sai su yi ta zagaye wurin suna bugun bango, kwana da kwanaki.

Ban ji daɗin wannan maganar ba, na ce mata ina da tukunya a wuta.

Laraba, 22 ga Afrilu, bayan azahar

Na yi wauta. Na rasa tsuntsu, sai na ɗauki tantabara a kan tagar kicin na ce shaho ne.

"Na gane wayonki, Maman. Ki bari."

Na rubuta mata abu na goge, na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na tura "To."

Alhamis, 23 ga Afrilu, da magariba

Shiru. Moctar ya ce yau ko ruwan shayi ba ta karɓa ba, labule ma ta ce a sauke.

Ba tantabarata ce kaɗai ba. Ni ma na iya lissafin watanni. Wannan makon ne aka sa ran haihuwarta, wannan makon ne da ina can da jakata, ana dafa ruwa ana dama kunun kanwa. Tun kaka na sa aka kawo mini ganyen darbejiyar daga gida, na shanya shi da hannuna. 'Yan safar jariri kuwa a Belleville na saye su, na ce wa mai kantin na jikar maƙwabciya ne.

Ina jin tsoro. Na rubuta, tunda an ce rubutu magani ne. Ina jin tsoro ƙwarai.

Juma'a, 24 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Moctar ya ce likitar da ke duba ta tana son ganina. Ya faɗa yana ta kame-kame kamar shi ya yi laifi. Na ce ita mai jikin ta ce in zo? Ya ce ba ta ce ba, amma da aka tambaye ta ba ta ce a'a ba.

Alhaji ya ajiye carbinsa ya ce, "Ki tafi. Kunyar nan mun yi ta shekara ashirin da takwas, ba wanda zai ce ba mu iya ba." Shi ma fa bai taɓa kiran sunan ba, amma shi namiji ne, ya samu hanyarsa, yana ce mata "uwata" suna dariya. Ni ce ban samu tawa ba.

Litinin, 27 ga Afrilu, Lyon, da yamma

Ina gidansu tun Asabar. Ni da suruki a ɗaki biyu da falo, abin sai wanda ya gani. In ya ji motsina a kicin sai ya maƙale a ɗaki, in na ji nasa sai in tsaya a bayan ƙofa. Jiya mun yi karo a lungu, kowa ya ce wa bango sannu. Yaron kirki ne. Ya kulle ƙaramin ɗakin da suka yi wa sabon fenti, ya cire makullin, ni kuma ban tambaya ba.

Na ga likitar yau. Na shirya mata faɗa tun daga jirgi, sai na tarar da 'yar siririyar mata mai furfura wadda ta ba ni kujera ta tambayi hanya. Ta ce ba za ta faɗa mini abin da suke tattaunawa ba, sai abu ɗaya da mai jikin ta yarda a tambaye ni: me ya sa ban taɓa kiran sunanta ba?

Na yi mata bayani da faransancina na kasuwa. Na ce a wurinmu ɗan fari ya fi ƙarfin baki. Abin da ka fi so ba ka nuna shi a fili, kada ido ya gan shi, kada kuma manya su ce ba ka da ta ido. Na ce rashin kiran shi ne kiran. Ta saurara har na gama, ba ta yi mini kallon da nake jira ba. Sai ta ce, "Abin yana da kyau. Ita ta san haka?"

Na ce kowa ya sani.

Ta ce, "Kowa a ina, Madame?"

Na buɗe baki in ce a Damagaram, na rufe.

Ba a bar ni na shiga ba. Akwai lambu a tsakiyar asibitin da benci a ƙarƙashin wata bishiya mai farin fure. Moctar ya nuna mini tagarta, hawa na biyu, labule a sauke. Na zauna har aka fara rufe ƙofa.

Talata, 28 ga Afrilu, da azahar

Na dafa shinkafa da miyar kuka yadda take so, na binne tsoka biyu a can ƙasa na lulluɓe, kamar yadda nake yi mata tun tana lakwal. Nazir har yau yana zaton ita ba ta damu da nama ba. Moctar ya shiga da kwanon, ni na koma bencina.

Sama a rufe, ana yayyafi. Ba tsattsewa ko ɗaya. Wuyana ya gaji da kallon sama, wata mai shara har ta tambaye ni ko jirgi nake jira.

Talata dai, bayan la'asar

Kwanon ya dawo. Shinkafar tana nan kusan yadda take, amma an haƙa rami a tsakiya, naman babu.

Laraba, 29 ga Afrilu, da yamma

Ta sauko lambu. Wata ma'aikaciya ta rako ta. Alhaji bai faɗi rabin ramar ba, rigar sanyin Moctar ce a jikinta kamar an rataya a ƙusa. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, tsakaninmu wurin mutum biyu.

Na ce, "An fito?" Ina jin kaina na faɗa, muryar Inna sak.

Ta ce, "Mm."

Na ce ya jiki. Ta ce da sauƙi. Muka zauna muna kallon tantabaru. Labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar ba ta ba ni ba, gefenta kawai na samu. Hannuna yana cinyata, nata yana cinyarta. Da lokaci ya yi ta tashi ta shiga.

Amma ta sauko. Ba wanda ya tilasta mata, na tambayi ma'aikaciyar.

Alhamis, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Bari in rubuta wannan a hankali, kada in bar komai.

Iska ta juya tun safe, gari ya yi ɗumi, har na cire rigar sanyi. Lambun ya cika da masu jinya da masu ziyara. Ta sauko da la'asar, ta zauna inda ta zauna jiya. Na ce an fito, ta ce mm. Na ba ta labarin yadda Nazir ya ƙona tukunyata a kwana biyun da na bar masa gida, bakinta ya ɗan motsa. Daga nan maganata ta ƙare. Na koma kallon tantabaru.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maman, ba sai kin wahalar da kanki ba. Ki koma gida, Baba na buƙatarki." Ta tashi ta nufi ƙofa, kanta a ƙasa.

Ta yi nisa sai na ji ƙarar. Wanda ya san ta ba ya ɓata ta, siririya ce mai kaifi kamar yara sun taso daga allo. Na ɗaga kai. Ga tsattsewa nan sun keto ta saman rufin asibitin, baƙaƙe, fukafukai kamar lauje, biyar ko shida, suna bin juna. Ita kuwa tana tafiya tana kallon takalminta, saura kaɗan ta shige.

Na ce, "Ke!" Mata uku suka waiwayo, ban da ita.

Na ce, "Yayar Nazir!" Na san ta ji, domin kafaɗarta ta motsa. Ba ta tsaya ba. Ta kai hannu ga ƙofa.

Ba suɓutar baki ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Na san abin da zan yi, na ji kunyar ta taso mini tun daga tafin ƙafa, na ga fuskar Inna, na ce Inna ki yafe mini. Na miƙe tsaye a gaban Nasara da Larabawa da kowa, na kira ta da sunan da aka raɗa mata. Muryata ta fashe a tsakiya, sai na sake kira, na ce ta ɗaga kai ta gani, sun iso.

Ta tsaya. Ba sama ta fara kallo ba, ni ta kalla. Ta dawo a hankali har ta zo gabana.

Ta ce, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Ni na zaɓa miki shi. Ana gobe suna na aiki Fatou ta raɗa wa babanki, na ce kada ya faɗa wa kowa daga ina ya fito."

Ta ce, "Sake faɗi."

Na sake. Ta ce in ƙara, na ƙara. Daga nan ban san wa ya fara kama wani ba. Ta yi kukan da Moctar ya ce ba ta yi ba tun ranar, ni ma na yi nawa da na ɓoye a banɗakin Saint-Denis da famfo a buɗe. Na faɗa mata zancen jakar, da ganyen, da safar. Na ce mata ban zo ba ne don ina tsammanin haka ake yi, kuma da na san ƙofa take kallo da na zo ko da rarrafe.

Da muka lafa ta share fuska da hannun rigar mijinta, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsu. Sai ta ce, "Maman, me za ki ce waɗannan? Jimina?"

Na ce a'a, waɗannan na san su.

Asabar, 2 ga Mayu, da hantsi

Ba a warke ba, likita ta ce da saura, kuma za a samu ranaku marasa daɗi. Jiya ma ɗaya ce daga ciki. Amma an bar ni na shiga ɗakin, na tsefe mata kai, ta yi barci ina yi.

Ta ce in an sallame ta tana son wankan, ko da lokacinsa ya wuce. Ta ce in je in zo da darbejiyar. Na ce safar fa, in bayar? Ta ce, "A'a. Ki ajiye."

Fatou ta kira tana son jin komai. Na ce mata dambunta na ranar nan gishiri ya yi yawa. Ta ce, "Na ji, Yaya. Alhamdu lillahi."

Laraba, 6 ga Mayu, Saint-Denis, bayan la'asar

Na zo ɗaukar jakar, gobe zan koma. Na jawo ta daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe, na ware 'yan safar na sa a cikin akwatina na aure.

Ina kwashe shanyar da Nazir ya bari mako guda a balko sai Madame Odile ta hau buga ƙarfenta da cokali tana nuna sama. Sun cika unguwa. Ina kallo ɗaya ya yi kwana ya shige raminsa na ƙarƙashin rufi, ko rage gudu bai yi ba.

Na ɗauko waya na rubuta da yatsana, ba tare da na kira Nazir ba: "Hamdiya, sun iso nan."

Ban kai ga ajiye wayar ba amsa ta shigo.

"To."

'Yar banza. Hamdiya, Hamdiya, Hamdiya.